Ranar da Rabi'a Ta Kira Sunan Mijinta

A Fabrairun 2006 likitan ido ya gaya wa Falalu gaskiya: nan da shekara ɗaya, in an yi sa'a biyu, ganinsa zai tafi. Falalu injiniya ne, Bakano mazaunin ƙasar Turawa, wanda ya shekara goma yana tuƙa jirgin ruwa mai ƙyalle a tafkin Edgbaston duk Asabar, cikin sanyin da ko agwagwa ba ta so. Burinsa ɗaya ne, ya yi hayar jirgi a Seychelles ya bi ƙananan tsibiran nan ɗaya bayan ɗaya. Yanzu kuwa ba wanda zai damƙa wa mai raunin gani jirgi.

Matarsa Rabi'a, mai haɗa magunguna a babban asibiti, wadda ko kwalekwale ba ta taɓa shiga ba, ta ce ita za ta tuƙa. Ya yi dariya har da tari. Ita kuwa washegari ta je ta rubuta sunanta.

Wata biyar tana fama. Ta iya ƙullin igiya, ta iya karanta iska, ta kife sau uku da hijabinta. Malamarta Monica ta ce in ta ci gwajin tafki za ta sa hannu a tura ta jarrabawar teku.

Abin da ya kayar da ita ba ruwa ba ne. Shekara ashirin da shida da aure, Rabi'a ba ta taɓa furta sunan mijinta ba, balle ta ɗaga masa murya. Haka ta ga mahaifiyarta na yi. Ranar gwajin Falalu na zaune yana riƙe da igiya, ta zo juya jirgi, sandar ƙarfen da ke ɗauke da ƙyallen za ta tsallako ta kansa. Shi ba ya ganinta. Rabi'a ta ce a hankali, "Ka ji, da ka ɗan sunkuya." Iska ta tafi da ladabin. Sandar ta make shi a goshi, ya ci ɗinki huɗu.

Monica ba ta ɓoye fushinta ba. Ta ce, "A jirgi ana kiran mutum da sunansa, da ƙarfi. In ba za ki iya ba, ba na sa hannu."

A mota Falalu ya ce, "A bar maganar nan, Rabi'a. It's fine. Na ga hotunan ai."

"Hoto ba tsibiri ba ne," in ji ta. "Na riga na yi booking wani test ɗin."

Kunya ta dame ta ƙwarai, haushin kanta kuma ya fi kunyar. Mako biyu tana rufe gilashin mota a wurin ajiye motoci na asibiti tana gwada sunan. Da farko ko fita ba ya yi. Wata rana ta ƙwala shi da ƙarfi har mai gadi ya leƙo.

Asabar ɗin gwaji na biyu ta zagayo da iska mai ƙarfi. Suka nufi bakin dam, wuri ya ƙure, dole a juya. Ta ga sandar ta taso, ta ga filastar da ke goshinsa.

"Falalu! Ƙasa!"

Ya duƙa, sandar ta wuce, ƙyallen ya cika da iska a ɗaya gefen. Monica ta sunkuya tana rubutu.

Falalu ya ɗago a hankali, ya juyo da fuskarsa inda muryar ta fito. Idanunsa ba su same ta daidai ba.

"Ashe haka yake a bakinki," ya ce. "Sake faɗa."

Hawaye ya cika mata ido, amma ba ta saki abin tuƙin ba.

"Ja igiyar, Falalu," ta ce. "Da sauran tafiya."