Sandunan Masaukin Hamad

A bakin hanyar Suwes, can gefen Alkahira, akwai wani tsohon masauki da ake kira na Hamad, ko da yake Hamad ɗin ya daɗe a kabari. Ƙofa biyu gare shi tun asali. Ta gaba mashaya ce, inda direbobin manyan motoci ke jiƙa maƙoshi suna ashar. Ta baya kuwa zaure ne, nan Hausawa masu tafiya Hajji ta ƙasa ke yada zango kafin su shiga jirgin ruwa.

Duk mai tafiya sai ya soke sandarsa a rufin zauren, in ya dawo ya zare abarsa. Wanda bai dawo ba, sandarsa na nan. Ko mashayin da ya yi tatul bai taɓa kai mata hannu ba.

Awadiyya na ƙarama mahaifinta Ɗantsoho ya taso da su daga Sudan, ya bar ta da uwarta a masaukin, ya soke tasa daidai saman taga, ya wuce. Shiru kake ji. Uwar ta rasu tana jira. Awadiyya ta yi aure, ta koma unguwar Arba wa Nus, har ta yi furfura, amma duk watan aikin Hajji sai ta zo ta ɗaga kai ta duba saman tagar. 'Ya'yanta sun sha cewa a yi wa tsoho sadaka a huta, ita kuwa ta ce mutumin da sandarsa ke jiransa matafiyi ne, ba mamaci ba.

A shekarar 2013 ta zo ta tarar da rufin fayau, an shafe shi da farin fenti. Hasan, jikan Hamad, wanda ya gaji wurin bai gaji kunyar kakansa ba, ya tare ta da fara'a ya ja ta ƙofar gaba, ƙofar da ba ta taɓa takawa ba.

Ga sandunan nan kuwa. An kankare su, an datse su tsawo ɗaya, an shafa musu mai suna ƙyalli, an jera su a jikin kantar giya don ado. Wani ƙato ma ya ɗora takalminsa a kai.

"Wa ya ba ka izini?" in ji ta.

"Ma'alish, yi haƙuri ya Hajja, ai itace ne. Baƙi na son kayan tarihi."

"Tarihin uban wa? Mutanen da suka ratso Chadi da ƙafa don Allah, su ka mayar matakin mashaya? Ina ta saman taga?"

Hasan ya watsa hannu. "Khalas, shi ke nan, zaɓi wadda kike so, a cire miki."

Wai ta zaɓa, sai ka ce rake a kasuwa! Ta durƙusa cikin warin giya tana shafa su ɗaya bayan ɗaya. Ita wurin sandar ta sani, ba kamanninta ba, don ba ta taɓa riƙe ta ba. Ta miƙe ba ta ɗauki ko ɗaya ba.

Da ta isa gida, babbar 'yarta Fatuma ta tambaye ta ko lafiya.

"Jiƙa gero," in ji Awadiyya, "ki faɗa wa maƙwabta gobe akwai sadaka. Babana ya rasu."