Aljihun Dama

Tela yana da doka guda a shagonsa wadda ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: ba ya ɗinka aljihu sai ya ga abin da za a riƙa sawa a ciki. In waya ce a ajiye masa ita a kan tebur ya auna, in makullai ne ya ɗaga ya ji nauyinsu. Mutane suna cewa iyayi ne kawai, shi kuwa yana cewa shekara ashirin da biyu yana kan keke ba a taɓa dawo masa da aljihun da ya ɓule ba. Maganar ba gaskiya ba ce ɗari bisa ɗari, amma ba a cika musa masa ba, don duk lokacin da yake faɗarta almakashi yana hannunsa.

Shi ya sa ranar Litinin da hantsi, da mijin yayarsa ya shigo da fararen kwat guda uku a kafaɗa ya ce a yi musu sabon aljihu mai ɗan zurfi, Tela tafin hannu kawai ya miƙa masa.

Mijin yayar nan kantin magani ne da shi a bakin titi. Bai taɓa taka ajin likitanci ba, amma tun da ya fara sa farar kwat unguwa ta laƙaba masa Dakta, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Da kwat ɗin yake fita da safe, da ita yake komawa gida, ko zafin rana ya kai ina.

"Yaya Dakta, ka san dokar shagon nan," in ji Tela. "Me za a sa a ciki?"

Dakta ya dubi ƙofa, ya dubi tsohon direban da ya mai da bencin shagon ofishinsa tun da ya ajiye tuƙi. Sannan ya zaro wani kwalin maganin tari da aka buɗe aka baje, ya shimfiɗa a tebur. A bayan kwalin an ɗora wani abu an zagaye shi da biro. Ko yaron goye ya gani ya san ƙaramar bindiga ce.

Direba ya miƙo wuya ya leƙa. "Ikon Allah. Wannan maganin tarin sabon fitowa ne?"

"Da lasisina," in ji Dakta, ya tsuke fuska. "An duba idona, an ɗauki hoton yatsuna, na yi kwas na kwana uku. Komai a kan doka na yi shi."

Tela ya ajiye almakashi. "Kai ɗin? Kai da ko kaza sai an kira maƙwabci ya yanka muku? Yayata ta sani?"

"Ta sani. Ta yi faɗanta ta gama."

Daga nan musu ya ɓarke, irin wanda ake ji a rediyo kullum, sai dai wannan da gumi a ciki. Tela ya ce in kowa ya sa ƙarfe a aljihu, faɗan wanda ya tare wa wani hanya da mota ma sai an ɗauki gawa. Ya ce kamata ya yi gwamnati ta bi gida gida ta karɓe su duka. Dakta ya ce 'yan fashin da suka shigo masa kanti ba su cike fom ko ɗaya ba, dokar da Tela yake so mai bin doka kaɗai za ta kama. Tela ya ce ai akwai 'yan sanda. Dakta ya ce e, akwai, sun iso bayan awa biyu, ɗayansu har ya nemi maganin ciwon kai. Direba dai duk wanda ya yi magana ta ƙarshe shi yake bai wa gaskiya, har wuyansa ya gaji da gyaɗawa.

"Kai kuma mai wa'azi," in ji Dakta, "wa ya shige ƙarƙashin teburin nan ranar da tayar tirela ta fashe?"

"Allura ce ta faɗi nake nema."

Direba ya kwashe da dariya, amma Dakta bai yi ba. Ya zauna a kan kujerar awo, ya sassauta murya.

"Wata huɗu ke nan. Da rana tsaka, mutane suna wucewa. Suka ce in kwanta, na kwanta ruf da ciki a bayan kanta, ɗaya ya ɗora mini takalmi a nan." Ya taɓa ƙeyarsa. "Ka san abin da na yi ta tunani? Ba kantin ba. Tunanina wa zai riƙa kai Auta makaranta. Ba zan sake kwanciya haka ba, ƙanina. Ko ka ɗinka, ko in kai wani wuri."

Auta ita ce 'yarsu ta ƙarshe, shekararta biyar, ta zo bayan yayyenta duk sun girma, lokacin da kowa ya ɗauka an gama. Tausayi ya kama Tela. Duk hujjojin da ya jera suka zube. Ga kuma maganar kaiwa wani wuri, wadda babu telan da yake jinta bai ji zafi ba.

"Tashi tsaye," ya ce, ya rataya tef a wuya.

Da yake Dakta bai zo da ainihin abin ba, Tela ya yanke zanen daga kwalin, ya yanko wani irinsa, ya sa sufanar keke a tsakiya don nauyi, ya naɗe da salatif. Sai aka shiga neman wurin da aljihun zai zauna. Aka fara da ƙirji ta ciki. Direba ya ɗauki matsayin ɗan fashi ba tare da kowa ya roƙe shi ba: zai ce "Kowa ya kwanta!" sannan ya fara ƙirga. A gwajin farko sai da ya kai goma sha ɗaya Dakta yana kokawa da maɓalli. Aka koma baya wajen ƙugu, tumbi ya hana hannu zagayawa, Direba ya ƙirga har ya gaji ya ce shi ya kwashe kaya ya hau babur tuni. Da aka gwada aljihun dama na gefe kuwa, sai ga kwali a hannun Dakta a kan shida.

"Nan ne," in ji Dakta yana haki. "Hannuna da kansa yake zuwa nan."

"Shida," in ji Direba. "Ba laifi, in ɓarawon mai haƙuri ne."

Aka tsayar da Alhamis da la'asar za a zo gwaji.

Bayan sun watse Tela ya shimfiɗa kwat ta farko, ya ɗauki reza zai warware tsohon aljihun. Nan ya tsaya. Bakin aljihun dama ya saki, kuma akwai ɗinkin gyara a kusurwarsa, na hannunsa ne ma, ya gane zarensa. Ya duba na hagu, lafiya lau kamar jiya aka ɗinka. Kwat ta biyu haka, ta uku haka. Ya tuna sau nawa yayarsa ta aiko masa da su a kan wannan kusurwar, yana gyarawa yana mita cewa yadin ne ba shi da kyau.

Wannan karon ya duba da kyau. Aljihun da mai riga yake sa hannu daga sama, buɗewa yake yi a hankali. Wannan kuwa ƙasa aka ja shi, irin jan wanda bai kai ba ya yi ɗage ya rataya. Ya zura yatsu ciki ya ji danƙo, ya fito da wata 'yar ledar alawa da ta sha wanki ta manne a ƙasan.

Ya ajiye rezar. Ya sha ganin abin da idonsa a gidan yayarsa, bai taɓa haɗa shi da aikinsa ba. Kullum in Dakta zai rufe kanti sai ya ɗauki alawa ɗaya daga kwalbar kan kanta ya jefa a aljihun dama. Kullum kuma kafin ya gama sallama Auta ta sheƙo ta daki ƙafarsa, hannunta ya riga bakinta gaisuwa. Shi ya sa hannun uban yake zuwa nan da kansa.

Ya kira Dakta a waya ya faɗa masa.

"Na yi tunanin wannan tuni," in ji Dakta. "Na zaunar da ita na yi mata magana. Na ce daga yau ba a taɓa aljihun Baba, ta ce to. Yarinyar nan tana jin magana, ba irinka ba ce. Kuma da na shiga gida zan kulle abin a akwati."

"Kafin ka kai ga akwatin fa?"

"Ka yi ɗinkinka, malam. Ina da kwastoma."

Tela ya yi ɗinkinsa. Ya so ya ɓata aikin da gangan, ya yi shi a karkace ko ya matse bakin, amma hannunsa ya ƙi. Ya sa shafi mai kauri, ya bi ɗinkin sau biyu, ya yi zurfin daidai yadda ƙotar za ta tsaya a sama inda yatsu za su same ta. Aljihu ya fito tsaf, babu wanda zai ce akwai wani abu a ciki. Bai taɓa yin aiki mai kyau haka ya ji haushinsa ba. Kwana biyu abinci ba ya masa daɗi, ɗan hannun Auta kawai yake gani.

Ranar Alhamis da safe ya kira yayarsa.

"Yaya, in kin ɗauko Auta daga makaranta ki biyo da ita ta shago. Na ga rigar makarantarta ta ɗage, zan sake aunata."

"Wata biyu da ɗinkawa ta ɗage? Kai dai faɗi gaskiya, me kake ƙullawa?"

"Ki dai biyo, don Allah. Ƙarfe huɗu."

Dakta ya riga su zuwa. Ya sa kwat, Tela ya zura masa kwalin a sabon aljihu, ya tsaya gaban madubi yana juyawa hagu da dama kamar mai shirin ɗaukar hoto. Ya yaba aikin, abin da bai saba ba. Direba ya gyara zama a benci, aka yi gwaji biyu, duka a kan shida, na uku ya sauko biyar. Dakta ya ce da ɗan motsa jiki zai kai huɗu.

"Sake," ya ce wa Direba. "Wannan karon kada ka yi saurin ƙirga."

Direba ya cika ƙirji da iska. A daidai nan labulen ƙofa ya ɗaga.

"Baba!"

Jakar makaranta ta faɗi a bakin ƙofa. Direba, da bakinsa ya riga ya saba, ya ce, "Ɗaya, biy..." bai ƙarasa ba. Auta ta riga ta rungume ƙafar ubanta, ta yi ɗage, ta zaro abin da hannu biyu. Ta juya shi, ta kai bakinsa saitin idonta tana leƙawa ko alawar a ciki take.

Kwali ne da salatif, kowa ya sani, Tela ma da hannunsa ya naɗa shi, amma sai da ya dafa tebur. Yayarsa tana tsaye riƙe da labule, ta dubi 'yar, ta dubi mijin.

"Baba, wannan mene ne? Yana da nauyi."

Dakta ya dube ta. "Ba na ce miki ba a taɓa aljihun Baba ba?"

"Na manta," in ji ta, ko a jikinta. "Ina alawata?"

Ya durƙusa a hankali, ya zare kwalin daga hannunta ya miƙa wa Tela ta baya ba tare da ya waiwaya ba. Ya daɗe yana riƙe da yatsunta yana kallonsu. Tela ya tanadi maganganu tun ranar Litinin, masu kyau kuwa, amma da ya ga fuskar surukinsa sai ya haɗiye su duka. Direba ma, karo na farko a tarihin bencin nan, bai bai wa kowa gaskiya ba.

Yayar ce ta buɗe jakarta ta lalubo alawa ɗaya, ta miƙa wa mijin a ɓoye. Ya jefa a aljihun, ya miƙe tsaye.

"Duba kuma, wataƙila ba ki duba da kyau ba."

Auta ta yi ɗage ta zura hannu har gwiwar hannu. Ta laluba, ta ƙara ɗagewa, kwat ɗin ta karkace a kafaɗar uban. Alawar ta tafi can ƙasan sabon aljihu.

"Kawu, ka ɓata aljihun Baba," ta ce da Tela, ta turo baki. "Hannuna ba ya kaiwa."

Dakta ya cire kwat ɗin ya ɗora a kan keke, ya jawo sauran biyun daga rataya ya haɗa.

"Ka ji abin da ta ce," ya faɗa, idonsa a ƙasa. "Rage musu zurfi, duka ukun."

Tela ya jawo tef daga wuyansa. "Ka san dokar shagon nan, Yaya Dakta. Sai na auna abin da zai riƙa shiga."

Ya durƙusa gaban Auta ya ce ta miƙo hannun dama.