Dutsen Danne Kabeji

...kuma wai ba a taɓawa. Haka aka rubuta a jikin gilashin, jikarta Yunshu ce ta karanta mata. Tsohuwa Geng Shulan tana tsaye a gidan tarihin, jakarta a ƙirji, tana kallon dutsen da ta tashi tana ɗagawa da hannu biyu tun tana 'yar mitsitsiya. Yau shi ne ba a taɓawa. An shimfiɗa masa jan ƙyalle, an haska masa fitila.

Shi ne. Ko cikin duhu ta san shi. Fari, faɗinsa bai wuce murfin tukunya ba, ga rawayan tabo a gefe inda ruwan gishiri ya ci. Ƙafar dodon sarki a sassaƙe... yatsu uku. Da biyar ne.

Yarinyar tana ta karatu. Wai ya karye ne lokacin da sojojin Turawa suka cinna wa lambun sarki wuta.

"Nainai," haka take kiran kakarta da yarensu, "dubi abin da la'anannun nan suka yi mana."

Sun yi. Wa ya ce ba su yi ba? Na Ingila da na Faransa. Sun kwashe, sun ƙone, kakan Baba ya ce hayaƙi ya rufe rana, toka na sauka cikin kwanon abinci. Duk gaskiya ne, ga hotuna nan jere a bango. Amma wannan — wannan wuta ta bar shi da yatsunsa biyar cif. Ita ta ƙirga su. Kullum, in an aike ta ɗebo kabeji.

Cikin kangon lambun aka haife ta. Kowa a ƙauyen da dutsensa. Gidan Dou da ginshiƙi mai furanni suka kafa garken aladu, wa ya ce musu uffan? Baba wannan kawai ya ɗauko. In sanyi ya matso a jera kabeji a randa, a barbaɗa gishiri, a danne da dutse, shi za a ci har ƙanƙara ta narke. Baba yakan ce dutsen kogi yana sa kabeji yauƙi, na sarki kuwa ba ya shan ruwa. Yakan kife shi, dodon a ƙasa, don kada ido ya gani...

Wancan yaron cingam yake tauna a gaban kayan tarihi? Ina uwarsa? 'Yan yanzu ba mai kwaɓarsu —

Shekararta sha shida a lokacin. Kwana shida da ɗaura mata jan ƙyalle a damtse, alamar matasan juyin juya hali. Taro a filin sussuka, ana tambaya wa ke da kayan zamanin sarakuna a gidansu. Kowa ya kawo sunan wani. Ita ba ta da sunan kowa. Ba wanda ya kama hannunta ya ɗaga. Wannan ne abin. Ba wanda ya kama shi... da kansa ya tashi sama. Ta ce akwai dutsen sarki a gidansu.

Rana tsaka masu jan ƙyallen suka shigo. Suka tuntsurar da randar, kabejin sanyi guda ya watse a kan ƙanƙara, tsami ya cika tsakar gida — har yanzu ga shi a hancinta, a nan, cikin wannan ɗaki mai ƙamshin sabulu. Dou Jinbao ya zare bel, ta wajen ƙarfen yake duka. Baba a durƙushe, jini na bin kunnensa yana shiga wuyan riga. Inna ta toshe bakinta da zani. Ba sarki Baba yake karewa ba, ina ruwansa da sarki? Ya rarrafa ya ɗora tafinsa a kan dutsen, ya ce su yi haƙuri, da me za a danne kabeji?

Aka yi dariya. Aka miƙo mata guduma. Ke kika faɗa, ke za ki fasa.

Ta ɗauka zai janye hannunsa. Shi kuma ya ɗauka za ta tsaya. Yana kallonta, irin kallon da yake mata in ta zubar da miya, ba fushi, jira kawai...

Ba ƙarar dutse ba ce. Dutse ba ya irin wannan ƙarar.

To, na farko a ce kuskure. A ce hannu ya riga ya tafi. Na biyun fa? Wa ya ce ta ƙara? Na biyun ne ya tsinke yatsun dodon, biyu, ɗaya ya faɗa cikin kabeji. Ana tafa mata. Ta ji daɗin tafin — a'a. Ta ji. Ta ji daɗinsa, har cikin ƙirji.

Shekara ashirin da biyu Baba yana cin abinci da hagu, da cokali, kamar ƙaramin yaro. Hannun dama a naɗe cikin hannun riga. Bai taɓa tayar da zancen ba. Ya samo dutsen kogi, kabejin ya yi yauƙi, ya ci. Zuciyar kabejin, mai laushin nan, cikin kwanonta yake sakawa. Da ya mare ta mana! Sau ɗaya. Da ya tsine mata, da ta san inda za ta ajiye shi...

Ita da ba a yi mata ƙarya a gida. Ɗanta, uban Yunshu, ranar da yana yaro ya saci 'ya'yan itacen maƙwabta ya musa, sai da ta karya tsintsiya a bayansa. Ba don satar ba, don musun. Duk unguwa an san ta. Ga ƙarya nan an rubuta da kyakkyawan rubutu, an saka a gilashi, yarinya ta haddace za ta kai wa nata 'ya'yan. Kalma nawa ce? Ba su ba ne. Ni ce. Shida. Shida kacal.

Bakinta ya buɗe. Yunshu ta juyo, idanunta jajir saboda Turawa, ta kamo hannun kakarta don lallashi. Hannu mai ɗumi, mai laushi. Babban yatsa, manuniya, na tsakiya... duk suna nan, ba wanda ya lanƙwashe, irin na Baba ne sak, dogaye, kafin —

"Nainai, kina ji mini ciwo."

Ta sani. Tana jin ƙasusuwan suna haɗuwa cikin tafinta. Ta ce wa hannun ya saki... bai saki ba tukuna.