Wasiƙu Biyu Daga Dakta Unsi

Hajji Mitwalli ba ya hawowa saman bene sai abu ya ɓaci, saboda ciwon gwiwa. Shi ya sa da Rabab ta ji ƙwanƙwasar sandarsa a kan matakala, ta ajiye kofin shayinta ta miƙe tsaye. Ya shigo yana haki, Wa'il ɗan ƙanwarsa, mai kula da fitar da kaya, yana biye da shi da waya manne a kunne.

"Injiniya, ina takardar Dakta Unsi?"

"Wace takarda, ya Hajji?"

"Ji min yarinya! Lemona yana cikin kwantena a bakin tashar jirgin ruwa tun safe, direbobi sun shanye shayin Iskandariyya kaf. Da la'asar za a rufe ƙofa. Babu takardar gwajin maganin ƙwari, babu shiga. Ina take?"

Wa'il ya sauke wayar ya yi murmushin da Rabab ta tsana. "Kawu, ai ka san inda take. Rariyar Injiniya ce ta haɗiye ta. Ran nan ma katin bikin ƙanwata ta haɗiye."

Rabab ta ja kujera ta zauna. Bara wani ma'aikaci ya latsa mahaɗin intanet a cikin wata wasiƙar imel, mahaɗin ya kai shi irin shafukan nan da kowa ke iya buɗewa kyauta ba tare da an tambaye shi ko sunan ubansa ba, kafin azahar duk kwamfutocin kamfanin sun kulle. Bayan wannan ne aka ɗauke ta aiki, ita kuwa ta kafa doka guda: duk wasiƙar da ke ɗauke da mahaɗin shafin kyauta, keji za ta tafi, sai ta duba da idonta. Matsalar ita ce Dakta Unsi, tsohon da ke gwada musu kaya, a irin shafin yake ajiye sakamako. Duk bayan 'yan watanni a rufe masa shi, ya buɗe wani da sabon adireshi.

Ta buɗe kejin. Tallan magani, gadon wani attajiri da ya rasa magaji, kyautar mota. Can ƙasa ta ga sunan Dakta Unsi, amma sau biyu sunan ya fito. Wasiƙu biyu ne, duk na safiyar nan, duk daga akwatinsa, kowace da mahaɗinta daban.

"To, ga ta nan," in ji Hajji. "Saki mana."

"Biyu ne, ya Hajji. Ɗaya ba tasa ba ce. Wani ya shiga akwatinsa."

"Karanto."

Ta buɗe ta farko. Dakta Unsi ne sak. Ya yi wa Hajji barka da safiya mai ƙamshin fure, ya kira shi sarkin lemo, ya tambayi gwiwar, ya ce har yanzu yana jiran kifin da aka yi masa alkawari tun zamanin Fir'auna. Hajji ya ɗan saki fuska.

"Ɗan banzan tsoho. Shi ne. Ɗayar fa?"

Ɗayar ba gaisuwa, ba sa hannu. Layi ɗaya ne: Ga takardarku, ku sa mu a addu'a.

Wa'il ya tuntsire da dariya. "Ku sa mu a addu'a! Saura ya ce a taimaka masa da na burodi. Kawu, wannan ko jinjiri ya san ta 'yan damfara ce."

Ita ma Rabab haka ta fara gani. Ta sauke takardun biyu a wata tsohuwar kwamfuta da ba ta haɗe da komai, ta bi su da manhajar binciken cuta. Duk biyun suka fito fes. Amma ta bara ma haka ta fito fes, sai da ta ji ta shiga kwamfutar da take nema sannan ta farka. Takardar kuwa hatiminta ba ya buɗuwa sai a kwamfutar ofishin Hajji, wadda ke ɗauke da makullin kamfanin na kwastan. Ita kaɗai tashar ta sani. In ta kulle, ba lemon yau kawai ba, na kakar gaba ɗaya ya tafi.

"A kira Dakta," ta ce.

"Tun safe nake kira," in ji Wa'il. "Wayarsa a kashe, ta ofis ba mai ɗauka. Kin ɗauka jiranki muke ki koya mana kiran waya?"

Hajji ya buga sanda a ƙasa. "'Yata, saurara. Na ɗauke ki ne ki tsare min ƙofa, ba ki kulle ni a waje ba. In jirgin nan ya tashi babu lemona, gobe kada ki wahalar da kanki da hawan benen nan."

Ya juya ya fara sauka. Wa'il ya miƙo mata hannu. "Turo ta farkon zuwa akwatin Kawu. Ni zan buɗe, tunda hannunki rawa yake."

"Ba zan tura ba."

"Ke!"

"Ka ba ni ɗan lokaci, Ustaz Wa'il. In na ɓata, ai kujerar taka ce, ka ba wanda ka ga dama."

Ta bi su ƙasa da wayarta a hannu, tana lalube. Ta taɓa zuwa wurin Dakta sau ɗaya, ta roƙe shi ya bar shafin kyauta, ya ba ta alewa ya sallame ta. Abin da ta tuna shi ne shagon wake da ke ƙasan ginin, na wani Ammu Shinuda. Ta nemo shagon a taswira, ta samu lamba, ta kira. Aka daɗe ba a ɗauka ba. Ladanin masallacin bayan ofis ya riga ya kira azahar tun ɗazu, inuwar tagar ta fara karkata.

"Na'am?" Murya ce ƙasa-ƙasa, a bayanta kuma karatun Alƙur'ani na tashi daga rediyo.

Rabab ta yi turus. Ammu Shinuda Kirista ne, gicciye ma a zane yake a wuyan hannunsa. Abu ɗaya ne ke sa irinsa ya kunna karatu a shago.

"Ammu, daga kamfanin Hajji Mitwalli ne. Wa aka rasa?"

"Ba ku ji ba? Matar Dakta ce, Hajja Su'ad, jiya da daddare. Sun tafi maƙabarta yanzun nan. Ni ma rabin ƙofa na buɗe."

"Allah ya jiƙanta. Dakta ya hau ofis yau?"

"Ina! Mutumin da sai an riƙe shi yake tsayuwa? 'Yarsa Tahani dai ta hau da sassafe, ido duk ya kumbura, ta ce akwai amanar mutane da ba za ta kwana ba. Ba ta jima ba ta sauko."

Ta shiga ofishin Hajji ba sallama. Wa'il ya riga ya zauna gaban kwamfutar yana kiran wani abokinsa ya nuna masa yadda ake fasa kejin. Ta faɗa musu abin da ta ji, a tsaye.

Hajji ya cire tabarau. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Su'ad?"

"Ya Hajji, mutumin da gawar matarsa ke kwance a ɗaki ba zai tashi da safe yana maka barkwancin kifi ba. Tsohuwar wasiƙarsa suka kwafo suka canza mahaɗin. Ɗayar kuwa Tahani ce ta turo."

"Wataƙila jiya ya rubuta, kafin ta cika," in ji Wa'il, amma muryarsa ta rage kauri.

"Da hantsin yau ta fito. Duba da kanka."

"To in duk biyun na ɓarayin ne fa? Kin ji daga bakin Tahani? Mai wake kika ji."

Wannan kam gaskiya ya faɗa, Rabab ta sani. Ba ta da lambar Tahani, ko da tana da ita ma, ba ta da fuskar kiran mace ana binne uwarta ta tambaye ta zancen lemo. Wayar Wa'il ta yi ƙara. Shugaban direbobi ne, ihunsa har ita tana ji: jami'in ƙofa ya ce motocin da ba su da takarda su fice daga layi.

Hajji ya dubi ɗan ƙanwarsa, ya dubi Rabab. "Tashi mata, Wa'il."

Ta zauna. Kujerar da ɗumi. Ta saki wasiƙa ta biyu daga keji, ta sauke takardar, ta soka makullin kwastan. Ta yi bisimilla a ranta ta latsa.

Allon ya yi fari fat. Wa'il ya ja numfashi ta haƙori. Wani ɗan zobe ya fito yana juyawa, yana juyawa, fankar sama tana kaɗa takardun tebur, ba mai motsi. Rabab ta ɗora yatsa a kan wayar intanet ta bayan kwamfutar, a shirye take ta fizge, duk da ta san in abin ya shiga, fizgewar ba za ta yi wani amfani ba.

Takardar ta buɗe. Ga lambobin kwantenonin, ga hatimin Dakta. Ta ɗora ta a shafin kwastan, zoben ya sake juyawa, sannan koren layi ya fito: an karɓa.

"Ka ce musu su koma layi!" Hajji ya daka wa Wa'il tsawa. "Me kake kallo?"

Wa'il ya fita da gudu yana ihu a waya. Ba a jima ba ya leƙo ya ce motar farko ta wuce ƙofa, bai dai kalli inda Rabab take ba.

Hajji ya zauna, hannu biyu a kan sanda. Can ya share ido da bayan hannu.

"Injiniya, ɗayar fa, mai kifin?"

"Tana keji. Zan kai rahotonta, in kuma gargaɗi sauran masu hulɗa da Dakta, don ba mu kaɗai aka aika wa ba."

"Yi yanzu, kafin wani ya latsa. In kin gama ki aika gida a kawo miki baƙin mayafi. Bayan magariba tare za mu je gaisuwa, ke ki shiga wurin matan ki ga yarinyar nan."