Baba Maigadi Ya Daina Suma

Tun ranar da sabuwar shugabar asibitinmu ta manna takarda a allon sanarwa na san za a sha kallo. Takardar ta ce duk ma'aikacin da ke hulɗa da baƙi sai ya yi ajin Turanci na wata uku, kuma ya ci jarrabawa, don asibitin ya fara karɓar likitoci da majinyata waɗanda ba sa jin harshenmu. Ni mai girki ce, shekara sha tara ina gaban tukunya, ban taɓa jin albasa ta nemi a yi mata Turanci ba. Amma da yake ni ke tura keken abinci zuwa ɗakunan majinyata, aka ce har da ni. Rediyo suke kirana a wurin aiki saboda surutuna, kuma ban taɓa musawa ba.

Wanda takardar ta fi taɓawa shi ne Baba Maigadi. Shekara talatin da ɗaya yana ƙofar gaba, ƙafafun kujerarsa ta ƙarfe har sun ci siminti. Daga tafiyar mutum yake gane mai ciwon gaske da wanda ya zo dubiya don ya samu abin faɗa a gida. An gaya masa ƙiri-ƙiri cewa in bai ci ba, ƙofar baya za a mayar da shi, inda ba mai shiga sai motar shara sau biyu a mako. Ba korarsa za a yi ba. Amma mutumin da ke gaisawa da mutum ɗari uku a rana, a ce ya zauna yana kallon bola? Duk mun san ba zai jure ba.

A ɗakin cin abincin ma'aikata ake yin ajin, daga uku zuwa huɗu saura kwata, tebura na ƙanshin sabulu. Malamar 'yar siririya ce, ba ta kai 'yata ta biyu ba, amma in ta zuba maka ido sai ka gyara zama. Ta ce ita ba ta yarda da a zauna ana maimaita abin da ke allo ba. Ta raba mu rukuni-rukuni, huɗu-huɗu, ta ce kowace Alhamis kowane rukuni zai yi ɗan wasan kwaikwayo da Turanci a kan aikin asibiti, kuma maki ɗaya za a ba duka.

"Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka," in ji ta. "Ku taimaki juna, ku gyara wa juna."

Rukuni na uku mu ne: ni, da Direban motar asibiti, da Mai Wanki, da Baba. Nan take muka raba aiki yadda muka saba. Direba ya taɓa makaranta, shi zai rubuta. Mai Wanki za ta kawo zannuwan gado da farar riga. Magana kuwa ba sai an tambaya ba, tawa ce.

Ranar farko Baba ya gyara murya ya gwada jimla ɗaya. Wayyo! Ta fito ƙafa a sama kai a ƙasa, ko ni da Turancina bai fi cikin cokali ba na ji ba daidai ba ne. Muka kalli juna. To wa zai gyara masa? Mutumin ya girmi mahaifina. Shi ya buɗe min ƙofa da gudu ranar da na zo da naƙudar ɗana na fari.

"Daidai ne, Baba," in ji Direba.

"Kamar a bakinka aka haife shi," in ji Mai Wanki.

Ni ma na gyaɗa kai. Allah ya yafe min.

Bayan ya tafi Direba ya kawo dabara. Ya ce tunda wasan asibiti ne, dole akwai majinyaci, kuma majinyacin da ya suma ba ya magana. Muka tafa masa, muna ganin mun rufa wa dattijo asiri.

Alhamis ta farko Baba ya suma a bakin ƙofa. Ta biyu ya suma a cikin mota. Ta uku ma a sume aka kawo shi. Mu haɗa tebura biyu, ya kwanta, Mai Wanki ta ja masa zani har wuya, ni kuwa in tsaya a kansa ina zuba kamar ruwan famfo. Kuma a faɗi gaskiya, ya iya suma. A ta huɗu barci ya ɗauke shi da gaske, ina tsakiyar tambayar likita me za a dafa masa sai ga minshari. Aji ya fashe da dariya, har da masu buga tebur.

Malama ba ta yi dariya ba. Ta rufe littafinta ta ce, "Rukuni na uku, wai majinyacin nan naku ba ya farfaɗowa ne?"

Direba ya ce, "Malama, ciwon ne da tsanani."

"To Allah ya ba shi lafiya kafin ƙarshen wata mai zuwa," in ji ta. "Don ranar jarrabawa kowa zai fito a aikinsa na gaske, kowa zai yi magana. Kuma shugaba da kanta za ta fito a matsayin baƙuwa."

Washegari ina yankan albasa a kicin sai na ga inuwa a ƙofa. Baba ne. Bai taɓa barin kujerarsa da rana tsaka ba, sai ranar. Na miƙe na jawo masa benci, ya ce a'a, a tsaye zai faɗi abin da ya kawo shi.

"Rediyo, na ji ki kina yi wa mai kawo nama tatas a kan ƙashi. Na ji ki kina faɗa wa babban likita cewa shi ya san allura, ke kika san gishiri. Haka ne?"

"Haka ne, Baba."

"To ni laifin me na yi miki kike min ƙarya?"

Na ajiye wuƙar. Ya ci gaba.

"Kina tsammani ban san abin da nake faɗa shirme ba ne? Ina jin sauran rukunin suna cewa juna ba haka ba ne, sake faɗa. Ni kuwa ko atishawa na yi sai a ce daidai ne, Baba. Kun kwantar da ni kun ja min zani tun ban mutu ba. In ƙofar baya kuke so in koma, ku faɗa min, in ɗauki kujerata da kaina."

Kunya ta kama ni, irin wadda ke sa mutum ya ji zafi har kunne. Na ce, "Baba, girmanka muke gani."

"Girman nan ki ajiye min shi a aljihu har bayan jarrabawa. Gemu ba ya hana ilimi, amma ku kun sa nawa ya hana."

Daga ranar, da na sauke tukunyar rana sai in ɗauki tiren wake in tafi bakin ƙofa. Ina tsinta, ina fitowa a baƙuwa, shi yana amsawa. Karon farko da zan ce masa bai yi daidai ba, wallahi harshena ya yi nauyi kamar na ɗauki dutsen niƙa da shi. Da ƙyar na ce, "Baba, ba haka ba ne. Sake." Ya sake. Na ce, "Har yanzu. Sake." Direba da ke wanke mota ya saki soso ya riƙe baki.

"Rediyo, ba ki da kunya? Baba kike cewa ya sake?"

Baba ya ce, "Kai kuma Malam Daidai-ne, ajiye bokitin nan ka zo ka fito a mai kuɗi mara mutunci. Ba sai ka wahala ba wajen kwaikwayo."

Haka muka koma mu huɗu. Direba ya zo da kumbura yana neman a buɗe masa. Mai Wanki ta zo tana kuka wai ɗanta ya haɗiye maɓalli. Abin da ya gagare mu duka sai mu rubuta mu kai wa Malama, don sau da yawa gyaran nawa ma gyara yake nema. Ba kullum ake rabuwa lafiya ba. Wata rana na ce masa ya sake har sau bakwai, ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Yarinya, na ce ki ajiye girman a aljihu, ban ce ki jefa shi a rijiya ba!" Ya juya min baya. Washegari kuma da ban iso da wuri ba sai ya aiko a tambaya ko lafiya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ranar jarrabawa ta zo. Aka jera kujeru a ɗakin cin abinci, Malama a gefe da littafinta. Mun ɗora tsintsiya mai dogon hannu a kan kujeru biyu, ita ce ƙofa. Wasan da Direba ya rubuta a sauƙaƙe yake: baƙuwa ta zo, Baba ya gaishe ta, ya tambaye ta wa take nema, ya ɗaga tsintsiya ta wuce, sannan ta iske mu ciki kowa ya faɗi nasa. Mako biyu ina haddar nawa, har a gaban murhu.

Shugaba ta taso da jakarta a hannu, takalminta na ƙwas-ƙwas. Baba ya gaishe ta, Turancin ya fita tsaf. Ya tambaye ta wa take nema, nan ma ya fita. Ta ce ƙaninta ne aka kwantar, tana sauri, ya buɗe mata. Saura kawai ya ɗaga tsintsiya.

Bai ɗaga ba. Ya ɗaga kai ya kalli agogon bango. Uku da minti ashirin. A asibitinmu kuwa ba a shiga dubiya sai huɗu.

Direba ya ce ƙasa-ƙasa, "Buɗe, Baba, buɗe!" Mai Wanki ta damƙe min hannu har ya yi ciwo. Ni na ɗauka ya manta ne, na ce shi ke nan, motar shara ta samu abokin hira.

Sai ya yi magana. Da Turancinsa mai ɗingishi, kalma ɗaya-ɗaya, ya ce mata a'a. Marasa lafiya suna barci. Sai ƙarfe huɗu.

Shugaba ta ɗaga gira. Ta ce ya san ko ita wace ce?

Ya ce ya sani. Sai ƙarfe huɗu.

Wannan ba ya cikin takardarmu, ko harafi ɗaya. Ta ɗaga murya, ta ce daga nesa ta zo. Baba ya jawo kujera ya kakkaɓe ta da hularsa, ya ce ta zauna. Ya tambayi sunan ƙanin nata, ya ce zai aiki Direba ya tambayo nas yadda ya kwana. Ya tambaye ta ko ta ci wani abu. Rabin kalmomin a karkace suke, wasu ma da hannu ya ƙarasa su, amma babu wanda bai gane ba. Dole Direba ya tafi ya dawo da amsa daga kansa, yana gumi. Mai Wanki aka sa ta kwatanta wa baƙuwa inda banɗaki yake. Sannan Baba ya juyo ya ce mai girki ta zo ta faɗa wa baƙuwa abin da aka dafa wa ƙaninta yau.

Jama'a, haddata ta mako biyu ta tashi a banza. Na tsaya ina in-ina, na haɗa shinkafa da ranar Talata, na rasa yadda zan fita. Baba ya kalle ni a gaban shugaba, a gaban Malama, a gaban aji duka, ya ce da Hausa, "Ba haka ba ne. Sake."

Malama ta ɓoye fuska a bayan littafi, kafaɗunta na rawa. Shugaba kuwa ta yi rubutu, ta ɗauki jakarta ta fita, kuma ta bayan kujerun ta zaga, ba ta tsallake tsintsiyar ba.

Kwana huɗu muka yi ba labari. Direba ya ce Baba ya ja mana, wa ya taɓa tsare shugaba a ƙofa ya kwana lafiya? Baba kansa ya daina hira. Ranar Asabar na gan shi ya zaga baya ya tsaya yana kallon ƙofar shara, hannu a bayansa, kamar mai duba gidan haya. Abin ya tsaya min a rai, ranar ko abincin kirki ban ci ba.

Litinin da safe aka manna sakamako, da Turanci, kowa da wurin aikin da aka ba shi. Mutane suka duba suka watse, Baba na tsaye nesa da allon. Da na zo wucewa ya ce, "Rediyo, duba min."

Na riga na duba. Amma na ce, "Na manta tabarauna a gida, Baba."

"Yaushe kika fara sa tabarau?"

"Yau."

Ya harare ni, sannan ya matsa. Ya ɗora yatsa a kan takardar ya bi layi-layi har ya sami nasa, leɓɓansa na motsi. Ya kai ƙarshe ya dawo farko.

"Wannan kalmar," in ji shi a hankali, bai juyo ba, "gaba take nufi ko baya?"

"Kai za ka faɗa min."

Ya daɗe yana kallonta.

"Gaba," ya ce. Ya sake faɗa da ƙarfi, har mai goge baranda ta juyo. Ya cire hularsa ya share fuska da ita, ya mayar a karkace, ya nufi ƙofa da sauri. A bakinta har mutum shida sun taru suna jiran a buɗe musu.