Na'urar da Aka Rufa wa Buhu

Kun gan su. Kowace la'asar mata na bin hanyar bakin daji da jarkoki, kuna zaune ƙarƙashin fanka kuna cewa Allah ya tsare. Kun san wa ke cikin dajin nan. To ga labarin gida ɗaya a Birnin Gwari.

A gidan Baffa Jumare sola ce ke tayar da injin rijiyar burtsatse. Muslimat, 'yar ƙanensa mai koyar da kimiyya a firamare, ta sa aka liƙa wata 'yar na'ura a zaure, mai nuna wutar da kowane ɗaki ke sha, mai kuka in batir ya yi ƙasa. Sai dai mutan gidan sun saba tun zamanin wutar gwamnati, ba a kashe makunni: a bar komai a kunne don a san sa'ad da aka kawo wuta. Na'urar ta yi ta kuka. Baffa ya ce ta cika tsegumi, ya rufa mata buhu.

Ran nan Muslimat ta dawo daga makaranta ta tarar da mahaifiyarta, Inna Hajjo, tana naɗa gammo, ga jarka a gefenta. Injin ya ƙi tashi, randa ba ko ɗigo. Rafin da za ta je, nan aka kwashe wasu mata biyu da damina.

Muslimat ta karɓe jarkar ta nufi zaure, ta fizge buhun.

"Baffa, barka da hutawa. A duba nan."

"Malama ta zo da darasi," in ji Gambo, abokin hirarsa. "Mu tashi mu gaishe ta?"

"Ku zauna, Baba Gambo. Ɗakin baƙi, fanka biyu, baƙon ya tafi tun Sallah. Ƙwayaye a tsakar gida, rana tsaka. Hitar alwala tun asuba take tafasa bokitin da ba mai amfani da shi."

"Ke! Rana ce fa ke ba mu. Rana tana ƙarewa ne?"

"Batir yana ƙarewa, Baffa." Ta durƙusa kamar yadda aka koya mata, ta ajiye jarkar a gabansa. "Inna ba za ta rafi ba. Ko a kashe, ko a samu namijin da zai je."

Gambo ya shiga gyaran hula. Ba wanda ya dubi jarkar. Can Baffa ya miƙe yana tsaki, ya bi ɗakunan da kansa yana kashe makunnai. Lambar batir a na'urar ta daina sauka, amma rana ta riga ta karkata, injin bai tashi ba sai washegari da hantsi. Gidan ya kwana da ruwan roƙo daga maƙwabta, Inna kuwa ta kwana a ɗakinta.

Kai mai karatu, kada ka jira 'yarka ta durƙusa maka. Ajiye wannan, tashi ka zaga gidanka yanzu, ka kashe duk abin da ke ci ba kowa a wurin.