Ƙasar da Baba Yake Nufi

Motar Baba ba ta da hannun ƙofa. Tun yana saurayi ya aske hannayen, ya cike ramukan, ya goge, har jikin ƙofar ya zama sumul. A ciki ya dasa solinoyid, wani ɗan ƙarfe mai kamar gwangwani, wanda in wuta ta shige shi sai ya fizgi sakata. Ka danna rimot, ka ji ƙas, ƙofa ta ɓallo da kanta. Gimbiya yake kiran motar, kuma Mama ta sha cewa tsabar iyayi ne kawai.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, iyayin nan ya zama abin da ya rage masa. Hannun dama ya mutu, yatsun hagu sun ƙanƙame, ko ƙofar banɗaki sai an murɗa masa. Amma yana iya danna maɓalli da gaɓar yatsa. A duk duniya ƙofar Gimbiya kaɗai yake iya buɗewa da kansa.

Yayana kuwa, mutum ne mai son alheri da gaggawa. Baba na asibiti ya kai motar aka sake mata fenti, wai ya dawo ya tarar da ita tana sheƙi. Ta yi kyau, wallahi, ja kamar tumatir. Ranar da aka sallamo Baba muka tura kekensa gareji, aka sa masa rimot a cinya. Ya danna. Ƙas! Ƙofa ko motsi. Ya sake dannawa, ƙas, shiru. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce a mayar da shi ɗaki.

Daga ranar bai sake yarda ya fita ba. Ranakun gashin ƙashi a asibiti suka riƙa wucewa, ya ƙi zuwa. Maganarsa dama ta harɗe, kalma ɗaya kawai ke fita sarai.

"Ƙasa," zai ce, yana nuna ƙasa da haɓa. "Ƙasa."

Mama ta fassara mana, da kuka. "Kabarinsa yake kira. Ya gaji da mu."

Ni ma haka na ɗauka, kuma abin ya ci mini rai. Tsoro nake ji, ina kuma jin haushinsa. Mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa kwantar da shi ba, yau shi ne ke kiran ƙasa safe da yamma?

Yaya ya ce shi ya ga magani. "Gobe zan kawo mai walda ya huda ƙofofin nan a sa hannu irin na kowa. Wannan wasan yaran ya isa."

"Hannun da wa zai murɗa?" na ce. "Kai ko shi?"

"To ke gyara mana, injiniya."

Gyaran wayar hannu nake yi a kasuwa, shi ya sa yake mini wannan baƙar maganar. Na ce ya ba ni yinin, in na kasa ya kawo mai waldarsa har da mai ganga.

Da hantsi na shiga gareji. Allah ya taimake ni mai fenti ya bar gilashi a sauke, na zura hannu na ja sakata ta ciki. Na kwance allon ƙofar, ga solinoyid nan zaune da igiyarsa. Na fara da fiyus, lafiya lau. Batir cike yake. Na canza rile, ɗan makunnin da ke tura wa solinoyid wuta, ƙas ɗin nan dai, mai rauni, kamar tsoho na tari. Na ce ko igiyar ce ta saki, na ɗaure ta tamau, ba ta canza komai ba. Na sa fitilar gwaji a kan wayar, na danna rimot, fitila ta kama tar. Wuta na zuwa, ƙarfe ya ƙi ja. Kai! Na zauna a kan tsohuwar taya, mai ya ɓata mini riga, na fara zagin solinoyid da wanda ya ƙera shi.

Sai na ji ƙarar keke a bayana. Mama ce ta turo Baba. Ta ce tun da ya ji ƙas ɗin farko yake buga hannun kujera, sai da ta kawo shi.

"Baba, ka ganta," na ce. "Wuta na zuwa, amma ta ƙi."

"Ƙasa," ya ce.

Mama ta juya fuska ta kama share hawaye. Ni kuwa raina ya gama ɓaci.

"Haba Baba! Don Allah ka bar maganar nan. Muna nan muna fama saboda kai, kai kuma kullum ƙasa, ƙasa. In ka tafi wa ka bar wa mu?"

Ya harare ni. Ba hararar mara lafiya ba, irin wadda yake mini ina yarinya in na miƙo masa sifana goma sha biyu alhali sha uku ya ce. Ya ɗaga hannun hagun nan da ƙyar, ya nuna gindin ƙofa, wajen da take haɗuwa da jikin mota.

"Auta," ya ce. "Ƙa-sa. Baƙa."

Na bi yatsan da ido. Wata baƙar waya ce ta fito daga ƙofar, an ɗaure kanta da noti a jikin ginshiƙi. A nan abin ya faɗo mini. Mu a wajen aiki nigatif muke cewa. Baba kuwa tun a wurin maigidansa ya koyi kiranta ƙasa, wayar da wuta ke bi ta koma gida. Sau nawa na ji shi yana faɗa wa abokansa, mota in ba ta da ƙasa mai kyau ba ta da komai?

Na kwance notin. Ƙarƙashinsa fenti ne ja, mai kauri, lafiyayye. Mai fenti ya cire wayar, ya fesa abinsa, ya mayar da ita a kan fentin. 'Yar wutar da ke ratsawa ta ishi fitilar gwaji, amma ba ta isa ta ja sakata ba.

"Mama," na ce, dariya da kuka suna haɗe mini, "ba kabari yake nufi ba. Waya ce! Tun ranar farko ya gano, mu ne ba mu ji ba."

Mama ta saki baki. "Waya? Duk kukan nan da na sha, a kan waya?"

Baba ya rufe ido ya girgiza kai, irin na wanda Allah ya haɗa shi da dolaye.

Na ɗauko sampepa na hau kankare fentin Yaya, kuma ban ɓoye ba, na ji daɗin yin hakan. Na tsaya, Baba ya ce, "Ƙara." Na ƙara har ƙarfe ya fito fari. Na goge kan wayar, na ɗaure, na shafa ɗan giris saboda tsatsa. Igiyar da na ɗaure tamau ma sai da ya sa na sassauta mata kaɗan. Na bi sauran ƙofofin na yi wa wayoyinsu haka, sannan na tura ta gaban Baba ta rufu.

Daidai nan Yaya ya shigo, yana tambayar ko injiniya ta sallama. Ban kula shi ba. Na ɗora wa Baba rimot a cinya.

Ya daɗe bai taɓa ba. Na ga tsoro a fuskarsa. Sannan ya lanƙwasa yatsa ya danna.

Ƙararta ma daban ce, ƙwas, mai ƙarfi. Ƙofar ta ɓallo ta buɗe har ta taɓa masa gwiwa.

Yaya ya yi wuf zai ɗaga shi, Baba ya ture hannunsa. Ya kama saman ƙofar, ya ja jiki, ya huta, ya sake ja. Muna tsaye muna kallo har ya zauna a kujerar gaba ta fasinja yana haki. Ya nuna mini sitiyari.

"Asibiti," ya ce. "Gashi."

Mama ta leƙo ta taga, ido jawur. "To ɗaya ƙasar fa, Malam? Wadda ka sa na yi ta kuka a kanta?"

Gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga.

"Da saura," ya ce, "in Allah ya so. Shigo."

Ya sake danna rimot, ƙofar baya ta buɗe mata.